Mutanen Kawu da Kaset ɗin Kaka

Ranar da muke haɗa kaya za mu bar unguwar Hindawiyya mu koma Aziziyya, na jawo wani tsohon gwangwanin madara daga ƙarƙashin gadon Umma. Ina buɗe murfin wani wari ya buge ni, warin robar da ta sha zafi, haɗe da tsatsa da ɗan guntun ƙamshin turaren wuta. Duk wanda ya tashi a Jidda zamanin kaset ya san warin nan, ko a mafarki ya ji shi zai gane. A ciki akwai littafin rubutu mai shuɗin bango irin na 'yan firamare, cike da lambobi da rubutun Kawu, sai kaset guda ɗaya da ba a rubuta komai a jikinsa ba. Masu ɗaukar kaya suna ƙofa suna ta yalla yalla, wai a yi sauri, ni kuwa na nemi kwali na zauna.

Bari in fara gaya maka ko wane ne Kawu, in ba haka ba lambobin nan ba za su yi maka ma'ana ba. Ƙanin Umma ne, autan Kaka, a nan Jidda aka haife shi kamar mu. Direba ne a wani kamfanin turawa da ke aiki a bakin teku, kullum ya ɗauki wani injiniya da safe ya mayar da shi da yamma. Baturen nan kiɗa ɗaya yake ji a mota, na wata ƙungiya ta mutum huɗu masu dogon gashi, irin kiɗan jita da ganga mai ƙarfi da ake ce wa rok. Da farko Kawu ya ce kansa har sarawa yake yi. Bayan shekara guda sai ga shi yana buga sitiyari da yatsu, da baturen ya tashi komawa ƙasarsu kuwa, ya bar masa kwalin kaset ɗin gaba ɗaya. Tun daga ranar Kawu bai ƙara kiransu da wani suna ba sai "mutanena".

Turancin Kawu bai wuce na hanya ba, dama, hagu, tsaya, sai gobe. Saboda haka ba ya karanta sunayen kaset ɗin, da hoton bango yake gane su. Akwai mai jar ƙofa, wanda ya ce shi ne na farko, sun yi shi suna samari ba su da ko kuɗin aski. Akwai mai kujeru huɗu babu kowa a kai, shi ne ya fito da su duniya ta san su. Akwai mai tsani, wanda suka yi bayan mai gangarsu na farko ya tafi, Kawu kuma bai taɓa yafe wa sabon mai gangar ba, wai hannunsa ba nauyi. Yadda yake ba da tarihinsu sai ka rantse tare suka yi makarantar allo. Ya san shekarar da mawaƙin ya yi fushi ya fita, ya san shekarar da aka yi sulhu ya dawo. Ta yaya ya san duk wannan alhali ba ya jin abin da suke faɗi? Har yau ban sani ba. Ina jin rabi daga baturen ya ji, rabi kuma daga masu shagon kaset na cikin gari, sauran ya cike da kansa.

Baba ba ya so, amma bai taɓa hana shi ba, sharaɗinsa ɗaya ne, kada sauti ya tsallake katanga, kuma in an kira salla a kashe. Kaka ce ba ta raga musu. Ita "mahaukatan Auta" take ce musu. Takan ce ita a garinsu in mutum ya yi irin wannan ihun, kama shi ake yi a yi masa hayaƙi. Kawu ya yi dariya ya ce, "Inna, wallahi manyan mutane ne a ƙasarsu." Ta ce to ai sai a tausaya wa ƙasar. Amma na sha ganinta tana tankaɗe a tsakar gida, rariyar tana tafiya daidai da gangar da ke fitowa daga ɗakinsa, in na yi murmushi ta harare ni.

Littafin nan mai shuɗin bango kuwa, ga aikinsa. Kowace Lahadi da la'asar wata tashar turawa takan karanto jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a makon, tana sa su ɗaya bayan ɗaya, daga ta ƙasa har zuwa wadda ta zo ta ɗaya. Kawu ya koyi ƙirgen Turanci don wannan kawai. Duk makon da mutanensa suke cikin jerin sai ya rubuta matsayinsu, in sun hau ya zana kibiya sama, in sun sauka ya zana ta ƙasa, ya yini yana tsaki. Matsalar ita ce Lahadi ranar hutun turawa ce a can, mu a nan ranar aiki ce, a lokacin Alhamis da Juma'a muke hutu. Da aka canza masa lokacin tashi ya koma ba ya isowa gida sai bayan magariba, sai aikin ya faɗo kaina. Ina 'yar shekara goma. Ya koya mini ƙirgen, ya nuna mini inda zan tsayar da allurar rediyon, ya nuna mini maɓallai biyu da ake dannawa tare, ja da baƙi. Kullum kafin ya fita yakan sa sabon kaset a rikodar, ni dannawa ce kawai tawa. Ladana kuwa tsinken tsire biyu daga wurin mai tsiren bakin layinmu, kuma ban taɓa jin ana cutata ba.

Shekarun da na karɓi aikin ba shekarun daɗi ba ne ga mutanen Kawu. Sun fara tsufa, yara sababbi sun cika jerin da wani kiɗa na inji, sai a yi wata da watanni ba a ambace su ba. In ka buɗe littafin za ka ga shafuka da ba komai sai layi a kwance, mako bayan mako. Abokan Kawu suna yi masa tsiya wai mutanensa sun yi ritaya, ya ce su jira. Kuma a duk tarihinsu, da tashensu da komai, ba su taɓa zuwa na ɗaya ba. Sun yi na uku, sun yi na biyu sau biyu, abin yana cin Kawu kamar shi aka hana. To ana nan sai suka fito da wata waƙa mai sanyi, tana farawa da ganga ita kaɗai, sannan jita ta shigo a hankali. Ta shiga jerin daga ƙasa ta dinga hawa. Makon da ta kai ta huɗu Kawu ya kasa cin tuwo, makon da ta kai ta biyu ya ce mini, "Ya binti, 'yata, Lahadi mai zuwa ko gobara ake yi kada ki bar gaban rikodar nan."

A nan sai in ajiye Kawu in ɗauko Kaka, don rikodar guda ɗaya ce a gidan, kuma ita ma tana da nata kaset ɗin.

Kaka ba a nan aka haife ta ba. Ta taso daga wani ƙauye a ƙasar Haɗeja tana sabuwar amarya, ita da kakanmu, da niyyar su sauke farali su koma. Sun yi shekaru a hanya, sun iso, sun yi hajji, ba su koma ba. Ta bar ƙanwa guda ɗaya uwa ɗaya uba ɗaya, tana yarinya ko zane ba ta iya ɗaurawa sosai ba. Ba mai karatun boko a cikinsu, waya kuwa babu ita a ƙauyen, don haka sai lokacin aikin hajji ake jin labarin gida. Lokacin nan gidanmu yakan cika da baƙi, tsakar gida ta koma warin daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa, ga zafin Jidda mai danshi da ke sa riga ta manne wa mutum. Da kaset ya shigo duniya sai ya zama shi ne wasiƙa. Kuma akwai yadda ake yi. Mutanen gida su yi magana a gefe ɗaya su bar ɗaya gefen, su ba alhaji ya kawo. Ku saurara, ku juya, ku yi amsa a gefen da aka bar muku, alhajin ya koma da shi. Shi ya sa ba a karya ɗan haƙorin nan na bayan kaset wanda in an karya shi ba ya sake ɗaukar magana. Wa zai karya, alhali ana jiran amsa?

Wata shekara wani alhaji ya kawo wa Kaka kaset daga ƙanwarta. Shi ne karo na farko da ta ji muryarta tun rabuwarsu, yarinyar da ta bari ta zama tsohuwa mai tari. Kusan rabin awa tana magana. Ta lissafo waɗanda suka mutu da waɗanda aka haifa, ta ce tsamiyar bayan gida ta faɗi, ta ce rijiyar da suke ɗiban ruwa an yashe ta, har waƙar niƙa ta mahaifiyarsu ta rera. Da alhajin ya tashi tafiya Kawu ya kawo rikoda ya ce Inna yi amsa. Kaka ta dubi na'urar, ta buɗe baki, ta rufe. Ta ce maganar shekara arba'in ba ta faɗuwa a tsaitsaye, a bari ta tattara hankalinta, baɗi sai ta aika. Baɗi ta zo, alhazan suka iso da ta'aziyya. Ƙanwar ta rasu da damina.

Daga nan kaset ɗin ya zama dukiyar Kaka. A cikin ƙyalle take naɗe shi, ta tura ƙasan akwatinta. Duk Juma'a da hantsi Umma takan ɗauko rikodar daga ɗakin Kawu ta sa mata, ita kuma ta zauna kan tabarma tana amsawa kamar suna fuskantar juna, "Allah sarki," "Ayya," "Ashe shi ma ya tafi." In ya ƙare sai ta sa a mayar da shi farko, wai kada a bar ƙanwarta a tsakiyar hanya.

Lahadin da Kawu ya gargaɗe ni a kanta, wata tsohuwa 'yar garinsu Kaka ta zo gaisuwa daga unguwar Nuzla da hantsi, ina makaranta. Hira ta yi daɗi, Kaka ta ce a sa mata ta ji muryar gida. Umma ta cire sabon kaset ɗin Kawu ta ajiye kan taga, ta sa na Kaka. Suka ji, suka yi kukansu, aka mayar da shi farko kamar kullum. Sai rakiya, sai girki, kowa ya manta. Ni kuwa da na dawo Umma ta tura ni maƙwabta kitso. Mai kitson nan akwai surutu, hannunta kuma kamar na mai jin barci. Ban farga ba sai da na ji an idar da sallar la'asar a masallacin layinmu. Na fizge kaina daga cinyarta na zura da gudu, rabin kai a kitse rabi a tsefe, tana kirana ban ko waiwaya ba.

Na tarar da rikodar a falo, ban tambayi abin da ya fito da ita ba. Na ja eriya, na murɗa allura, baturen tashar ya riga ya kai ta shida. Na hango kaset a ciki ta ɗan gilashin nan, na danna ja da baƙi. Ka ga duk laifin bai fi ƙiftawar ido ba. Na durƙusa ina ƙirge da yatsu, ta biyar ba su ba ne, ta huɗu ba su ba ne, ta uku ma haka. Da aka sa ta biyu na ji muryar wata mace ce, sai na fara tsalle ni kaɗai a falo. Sannan baturen ya ɗaga murya yana ta zuba, sai ga gangar nan ita kaɗai. Na bari waƙar ta kai ƙarshe, na kashe, na mayar da kaset ɗin farko don Kawu ya same shi a shirye. Na koma wajen kitso ina jin kaina kamar ni na zo ta ɗaya.

Bayan magariba ya shigo, ko takalmi bai cire daidai ba. Ya dube ni, na ƙi cewa komai, sai dariya nake ƙunshewa. Ya ɗauki rikodar ya fito da ita tsakar gida, abin da bai taɓa yi ba, ya kunna. Kaka tana kan tabarmarta tana jan carbi, Umma tana kwashe tuwo. Muka bi jerin tare, yana tsugune yana cizon yatsa. Da gangar ta fara sai ya miƙe tsaye ya ɗora hannu biyu a ka. Babban mutum mai gemu, na ga hawaye a idonsa. Ya ce, "Inna, kin ji? Na ɗaya! Shekara nawa, ya Allah." Kaka ta ce to barka, sai a ba su ruwa su sha, sun yi ihu ya isa. Har Umma sai da ta yi dariya.

Waƙar ta ƙare, aka ji ƙas, inda na kashe. Kawu ya miƙa hannu zai rufe, sai wata murya ta fito daga rikodar, muryar tsohuwa, ta yi tari ta ce, "Yaya, na ce ko kina cin abinci sosai? An ce can ba gero. To shi ke nan, ni dai na gaji. In kin ji wannan ki amsa mini, ko gaisuwa ce." Ta tambayi wani a gefe ko abin ya ɗauka, aka ce mata ya ɗauka. Sai ta yi dariya, wata 'yar dariya ta kunya irin ta yarinya. Kaset ya kai ƙarshe ya tsaya da kansa.

Ban taɓa jin gidanmu ya yi shiru irin na ranar ba. Umma ta saki mara a cikin tukunya, ta juya ta dubi taga, ga sabon kaset can a ajiye. Kaka ta ajiye carbin ta ce a mayar baya, a sa mata daga farko. Ba wanda ya motsa. Sai Kawu ya durƙusa gabanta ya ce, "Inna, ni ne. Ni na sa shi da hannuna da safe, ban duba ba." Ƙarya ce tsagwaronta, kuma kowa a wurin ya san ƙarya ce. Kaka ta miƙa hannu aka ba ta kaset ɗin, ta naɗe a bakin zanenta, ta shige ɗaki. Tuwon ranar sai bayan isha'i aka rufe shi, ba wanda ya taɓa.

Kawu ya yi duk abin da mutum zai iya. Ya roƙi Umma ta karɓo masa kaset ɗin, ya zaga da shi wajen masu gyaran rediyo na cikin gari ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce masa halas, abin da aka hau kansa ya tafi. Wani ya juya masa ɗaya gefen ya nuna masa fes yake, ba komai a kai, da nan aka ɗauka da ba a yi asarar komai ba. Kawu ya ce maganar nan ta fi komai ƙona masa rai. Ya dawo ya ce wa Kaka zai iya yanke zaren ya cire kiɗan ya bar mata muryar kaɗai. Nan ne ta yi masa magana karo na farko cikin kwana uku, ta ce reza ba za ta taɓa shi ba.

Sai ya hukunta kansa. Ya tattara mai jar ƙofa da mai kujeru da mai tsani da duk sauran, ya zuba a kwali ya ɗaure da igiya, ya kai saman soron bene ya ajiye a rana. Wanda ya san Jidda ya san abin da rana take yi wa kaset. Littafin ma ya daina buɗewa, makon da ya jira shekara da shekaru bai ko rubuta shi ba. Ya daina fito in yana wanka, ya daina buga gwiwa da yatsu in yana jiran shayi. Ya fita da safe ya dawo da dare, ya gaishe da Kaka daga bakin ƙofa, ta amsa a taƙaice. Ni kuwa ina tsakiya ina cin tuwona, kowa yana lallaɓa ni kamar ba ni na danna ba. Tsoro ne ya rufe mini baki, ba zan ɓoye maka ba. Ina son Kaka, kuma ina tsoron ta dube ni yadda take duban Kawu.

Na daure kusan mako biyu. Ranar wata Juma'a da hantsi, lokacin da aka saba sa mata kaset, na same ta zaune kan tabarma ba ta yin komai, hannuwanta a cinya. Na durƙusa na fashe da kuka, na ce ni ce, Kawu ba ya ma gida. Ta bari na yi mai isata, sannan ta goge mini hanci da bakin mayafinta ta ce, "Ƙawata, kin ɗauka na tsufa har ban san lokacin da ɗana yake dawowa aiki ba?" Na ce to me ya sa take fushi da shi. Ta ce ba da shi take ba, ba kuma da ni ba. Ta ce yarinyar nan, ƙanwarta, abu ɗaya ta roƙa, gaisuwa, ita kuma ta ce sai baɗi. Duk rabin awar nan da ta saba ji, labarin tsamiya da rijiya ne suke rufe mata wannan roƙon, yanzu an ɗauke su an bar ta da shi tsirara. Ban gane maganar ba a lokacin, sai da na girma.

Da yamma ta sa aka kira Kawu. Ya shigo kansa a ƙasa. Ta ce, "Auta, na rasa murya ɗaya, kai kuma kana so in rasa biyu? Gida ya koma kamar gidan makoki. Je ka sauko da mahaukatanka kafin rana ta dafa su." Ya ɗago ya dube ta. Ta ce kuma ya kawo rikoda, tana son jin ƙanwarta. Ya ce zai tura zaren gaba ya kai mata daidai wurin. Ta ce a'a, ta taɓa ganin na'urar nan ta tauna kaset wajen gudu, a bar shi ya tafi da ƙafarsa. Mai tsani da wasu biyu sun riga sun lanƙwashe a soro, sauran Allah ya tsare.

To ka ji yadda aka yi tsohuwar da ba ta san ko a ba a Turanci ta koma sauraron jerin waƙoƙin turawa duk Juma'a, daga ta shida har ta ɗaya, shekara da shekaru, mako guda ne kullum ba ya canzawa. Biyar ɗin farko ko kallo ba su ishe ta ba, tana tsinke zogale ko tana gyaran shinkafa. Amma da zarar gangar mutanen Kawu ta fara sai ta ajiye tire, ta karkaɗe zane, ta gyara ɗaurin ɗankwali kamar mai jiran baƙuwa. In ƙanwar ta tambaya ko tana cin abinci, sai ta ce, "Ina ci." In ta ce a amsa mata ko gaisuwa ce, sai ta ce, "Na amsa, ina gaishe ki." Daga baya har takan tambayi Kawu ina labarin mahaukatansa, suna sama ko suna ƙasa. Sun sauka, ba su sake komawa na ɗaya ba, in ya gaya mata sai ta ce ai sau ɗayan ma ta biya musu shi da tsada.

A ciwonta na ƙarshe, na riga na yi aure ina da goyo, ɗakin ya cika da matan unguwa 'yan dubiya, kowa da carbi. Ta daina gane mutane sosai, amma ta kama hannun Kawu ta ce a sa mata. Ya dubi matan, ya kunna a hankali. Ka ga fuskokinsu. Majinyaciya tana kan gargara, ana sa mata kiɗan turawa. Da aka zo kan gangar wata dattijuwa ta kasa haƙuri, ta ce subhanallahi, a kashe abin nan a sa karatu. Kaka ta buɗe ido, ta ɗaga yatsa ɗaya da ƙyar ta ce, "Ku bar su. Tana tafe a bayansu." Bayan kwana biyu ta cika.

Yanzu komai ya canza. Kiɗan da Baba yake cewa kada ya tsallake katanga, a fili ake sa shi a Jidda, a shaguna da gidajen shan gahawa. Ba mai aika kaset, 'ya'yana suna ganin fuskar danginmu na Haɗeja a waya, sai dai Hausar ce take yi musu nauyi a baki, in an yi musu su mayar da Larabci. Mutanen Kawu suna nan, biyu sun mutu, sauran sun zama tsofaffi masu furfura suna ta fama da jita. Kawu ma ya tsufa, kunne ɗaya ya tafi, jikokinsa kan buɗe masa tarihin jerin gaba ɗaya a waya cikin minti guda, shi kuma ya yi ta musu da wayar.

Waƙar nan ta zama tsohuwar waƙa, irin wadda ake sawa a manyan kantuna don kada wuri ya yi shiru. Kwanan baya ta same ni ina tura keken sayayya tsakanin shinkafa da man girki. Na tsaya cak har ta ƙare. Aka sa wata nan take, mutane suna ratsa ni suna wucewa, 'yata tana jan hannuna tana cewa yalla ya Ummi, me kike jira. Na ce mata ta ɗan dakata, akwai wadda ba ta yi magana ba tukuna.